Tsumman Inna Dudu

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. A majalisa tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har mai shayin bakin layinmu ya riƙe kofina ya ce ba zai miƙo ba sai na faɗa masa yadda aka yi na ce kwana uku zan yi, na yi talatin da bakwai. To ga shi na rubuta. Kowa ya karanta, a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Garba, wanda mutanen Gusau ke ce wa Garba Kankare. Shekara ashirin da shida ina gyaran daɓen masana'antu: injin casar shinkafa, ma'ajiyar taki, gidan mai, wurin gurzar auduga. Ni ba na tambayar kowa abin da ke damun daɓe. Wata 'yar guduma gare ni, in na durƙusa na ƙwanƙwasa sau uku na kara kunne, kankaren da kansa yake faɗa mini ciwonsa, da sunan wanda ya zuba shi, da buhu nawa ya karkatar zuwa gidansa. Haka nake gaya wa mutane, kuma kafin tafiyar nan ni kaina na soma yarda.

Salifu ne ya kira ni, ɗan goggota da aka kai aure Konni tun ban yi wayo ba. Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini tulu saboda cikina. Yana aiki a wani ɗan gidan sarrafa nono na ƙungiyar matan makiyaya, a wani gari cikin karkarar Alela. Shi ke kula da injin sanyi da tukunyar dafa madara, shi ke kai kindirmo Konni. Ya ce daɓen ɗakin aikin ya ci, ya yi ramuka, yana wari, kuma mai duba tsafta ya ba su kwana arba'in: ko a gyara, ko ya sa kwaɗo a ƙofar. In aka rufe, mata sama da talatin za su koma ɗaukar ƙwarya a ka suna bin kasuwanni a ƙafa, rabin nonon ya lalace kafin a isa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aikin kwana uku ne, na ukun ma na cin nama ne.

Na ɗauki jakar kayan aiki da gwangwani biyu na wani fentin daɓe mai tsada, irin wanda ake haɗa shi da maganinsa ya daskare kamar dutse. Daga Gusau zuwa Sakkwato a kan cinyata suka zauna. Daga Sakkwato zuwa iyaka wata hajiya ta ga sun yi mata daidai, ta ɗora ƙafafunta a kai har muka iso, tana ba ni labarin ciwon gwiwarta.

A iyaka aka duba katina aka miƙo mini, sai wani ma'aikacin dwan, wato kwastan ɗinsu, ya zaro leburna daga jaka, wannan sandar mai ɗigon ruwa a tsakiya da muke auna karkata da ita. Ya tambaye ni aikinta. Na ɗora a kan teburinsa, ɗigon ya gudu gefe guda ya laɓe. Mutumin ya ce shekara biyu biro na mirgine masa yana faɗuwa, yana zaton iska ce. Na naɗe kwali na cusa ƙarƙashin ƙafar teburin. Kafin in miƙe an kawo benci, an nuna mini dandamalin taga, wani jandarma ma ya ce in auna kafaɗunsa, matarsa na cewa a karkace yake tafiya. Awa guda na yi ina daidaita iyakar ƙasa biyu. Da na fito motarmu ta tafi, sai ɗan kabu-kabu ya goya ni da gwangwanayena har ƙofar gidan goggo.

Goggo ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai ba kankare nake zubawa ba, cinsa nake yi. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, na nuna mata ba ta yi ƙarya ba. Da safe aka miƙo mini burodinsu, dogo siriri mai tauri, na ce a ajiye mini guda ko rodi zai gaza a wurin aiki. Shayinsu kuwa sai mai haƙuri. Mu a gida kofi guda ne cike da madara, ka kurɓe ka tashi. Can ɗan mitsitsin gilashi ne, sau uku, kuma tsakanin na farko da na uku mutum zai iya yin aski ya je ɗaurin aure ya dawo. Ni da ake ce wa birkila a gida, can maso ne sunana, kankare kuma beto. Ban yi musu ba, tunda siminti dai siminti ne.

Washegari ni da Salifu muka nufi Malbaza sayen siminti, don na ce sabo nake so, wanda bai kwana a shago ya yi ƙulalai ba. Tun daga nesa manyan motoci ne jere, direbobi na kwance ƙarƙashinsu suna jiran lodi. Muka tarar dillalin ya rufe ya tafi hutun rana, abin da suke yi ke nan kullum, ba kamar mu da ke cin abinci da hannu ɗaya muna ciniki da ɗaya ba. A bencin ƙofar shagon muka sami wani dattijo, Baba Isufu, wanda ya yi ritaya daga masana'antar simintin. Aikinsa a da shi ne matse ƙananan tubalan kankare a inji har su fashe, a ga ƙarfinsu. Na ce masa ashe shi mai fasawa ne ni mai gyarawa, muka yi dariya. Da Salifu ya ba shi labarin daɓen, na riga shi da cewa rowar siminti ce kawai aka yi.

Baba Isufu ya ce, “Ta yiwu. Amma mi ka zuba bisa daɓen nan kullum, kuma ina yake tahiya?”

Na ɗaga gudumata na ce daɓen zai faɗa mini da bakinsa. Ya yi murmushi ya ce to in na isa in gaishe shi. Ya ba Salifu lambar wayarsa, ya kuma ce mu nemi tsofaffin buhunan albasa na igiya mu tafi da su, za su yi amfani wajen lulluɓe sabon aiki.

Da dillalin ya dawo muka sayi siminti. Hanyar Alela ta fara da ƙaramar motar kaya, ta ƙare da amalanken jaki, don ƙarshen damina ne, wani kwari ya hana mota wucewa. Muna tsakiyar gonakin gero hadari ya taso. Siminti da ruwan sama kuwa kun san ba a haɗa su a hanya. Muka rufa buhunan albasa, ba su isa ba. Na tuɓe babbar rigata ta shadda, wadda na sa don mutanen garin su san babban ma'aikaci ya zo, na lulluɓe sauran. Ruwan bai ma sauko ba, yayyafi ya yi ya wuce. Haka na shiga garin bisa amalanke, daga ni sai singileti, fari fat da ƙurar siminti, Salifu na gaba yana sanar da mutane cewa ga gwanin da ya ɗauko musu daga Najeriya.

Shugabar ƙungiyar ita ce Inna Dudu, wata doguwar dattijuwar Bafulatana, siririya, wadda maganarta ta yini guda ba ta kai tawa ta minti biyar ba. Ta sa aka ba ni ɗaki a gidan mai gari, aka kawo fura da nono wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Sannan ta kai ni ɗakin aikin.

Daɓen ya ci ƙwarai. Simintin sama ya zaizaye, tsakuwa ta fito tsirara kamar haƙoran tsoho, ramuka cike da wani farin ruwa, ƙuda na shagali. Na durƙusa, na ƙwanƙwasa sau uku, na kara kunne, matan na tsaye suna kallo. Na miƙe na sanar da su cewa daɓen ya ce an yi masa rowar siminti. Sai idona ya kai lungu, wurin bakin bututun da ruwa ya kamata ya bi ya fita. An toshe shi da tsumma naɗe a jikin totuwar masara. Na fizge shi na ɗaga sama, na yi musu lacca mai tsawo a kan tsafta da kasala, na ce duk wanda ya cusa wannan abu shi ne ya kashe daɓen. Inna Dudu ta dubi ƙasa ta ce to.

Washegari na share rabin ɗakin, na cike ramuka, na shafe sumul, na gitta benci don kada a taka, matan suka ci gaba da aiki a ɗaya rabin. Da safe na zo na tarar tsumman ya koma mazauninsa. Ruwan wanke ƙwarya da tsiyayar nono sun taru sun kwanta a kan sabon aikina, mata biyu na kwashewa da gwangwani suna zubawa a bokiti suna fita da shi waje. Na cire tsumman na jefa kan rufi. Gari ya waye, ga sabo. Na jefa shi a wuta. Gari ya sake wayewa, ga wani, wannan karon har da ɗaurin zare don ya zauna da kyau. Na kama Salifu na ce shi ne. Ya rantse tun da ya fara aiki a wurin haka ya tarar, ya taɓa tambaya sau ɗaya matan suka yi masa shiru, shi kuma bai ƙara ba.

A rana ta huɗu na sa farcen babban yatsa na karci facin da na yi. Ya taso kamar dambu. Buhu huɗu sun tafi, kwanaki sun tafi, kwaɗon mai duba tsafta na matsowa. Ranar ko bawana ban ce wa Salifu ba. Na karɓi wayarsa na kira Baba Isufu. Ya ce nono in ya kwana ya yi tsami, narkar da siminti yake yi sannu a hankali, ko wa ya zuba shi, ko buhu ɗari aka sa. Ni da ban taɓa aiki a gidan nono ba, shekara ashirin da shida ban san wannan ba. Sannan ya ce rabin tambayarsa ke nan aka amsa, saura ina yake tafiya.

Da azahar aka kawo mini fura ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bayan ɗakin. Ina sha ina mita, ina wurga hannu, sai na bugi ludayin, nono ya zube a ƙasa dab da takalmina. Na ɗaga ƙafa zan murje shi da rairayi kamar yadda kowa ke yi. Inna Dudu, wadda ban taɓa ganin ta yi sauri ba, ta tare ni da hannu. Ta durƙusa ta tattara rairayin da ya jiƙe da tafukanta biyu, ta kai gindin bedin ta ajiye a hankali.

Ta ce, “Ba a taka nono, malam. Daga jikin uwa ya fito.”

Na zauna da ƙwarya a hannu ina kallon inda ta ajiye shi. Mutanen da ba su yarda a taka cokali guda ba, ba kasala ce za ta sa su kwashe bokiti goma kullum da gwangwani ba. Na kira Salifu na tambaye shi inda bututun yake fita. Bai sani ba. Na ce ya cire tsumman ya riƙa zuba ruwa a hankali, ni kuma na zagaya baya ina bin bango, ina kara kunnen nan nawa mai suna a ƙasa. Na wuce taga, na wuce tankin ruwa. A bayan makewayi na ji shi, ƙululu, ƙululu, yana faɗawa cikin ramin masai. Maginin farko, ko waye shi, ya ga ramin na kusa, ya haɗa bututun da shi don ya rage aiki.

Na dawo na tsaya gaban Inna Dudu na ce mata na ji inda ruwan ke zuwa. Ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Ta ce, “Abin da muke sha, muke ba ɗiyanmu, ka ce mu bar shi ya tahi can?”

Na ce, “To Inna, me ya hana ki faɗa mini tun ranar farko?”

Ta ce, “Ƙaƙa zan haɗa sunan abu biyun nan a baki ɗaya, gaban baƙo?”

Shekara uku ke nan suna ɗaukar bokiti. Abin da gwangwani ya kasa kwashewa shi ke kwana a ramuka yana tsami yana cin daɓen. Na tuna laccar da na yi musu a kan kasala, na ji ko ranar da na shigo gari da singileti na fi yau sutura.

Daga nan na yi abin da ban taɓa yi ba a aikina: na tambaya. Na ce ta nuna mini inda take so ruwan ya tafi. Ta zaɓi wani fili a ɗaya gefen, nesa da makewayi, ta ce a nan za ta shuka zogale. Na ɗauko lebur zan nemi inda daɓen ya lotsa, ta riga ni, tana nuna wurare da yatsan ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Na bi bayanta ina aunawa, ko ɗaya ba ta kuskure ba.

Aka mayar da tukunya da injin sanyi ɗakin ajiya na gefe. Mazan garin suka zo da guduma da kurfi, muka sassaƙe ruɓaɓɓen kankaren har muka kai mai ƙarfi, muka wanke da ruwan kanwa don kashe tsamin, muka ɗauraye. Na yanke tsohon bututun na toshe shi da siminti, toshewar da ba tsumma a ciki. Na fasa bango ta ɗaya gefen, na ja sabuwar magudana zuwa ramin tsakuwa a filin Inna. Sannan muka zuba sabon daɓe mai ɗan gangare, duk inda ruwa ya faɗi ya san hanyarsa. Muka lulluɓe da buhunan albasar Baba Isufu. Kwana bakwai matan na yayyafa masa ruwa safe da yamma kamar lambu, ɗakin na ƙamshin miya.

Saura jira, don fentin nan ba ya kama daɓe mai danshi, ɓawo yake yi ya tashi. Na ce zan je gida in dawo. Salifu ya ce ya san halin ɗan namiji, ya ɓoye leburna a inda har yau ban sani ba. Haka na zauna. Na gyara kwamin shayar da shanu da ke yoyo a bakin rijiya, na gyara matakalar masallaci, na koyi gaisuwar Fulatanci har aka roƙe ni in daina. Na ci cuku, wannan busasshen nono mai kamar faifai, wanda na fara ɗauka abin rufe ƙwarya ne.

Yadda ake gane daɓe ya bushe shi ne a manna masa leda a bar ta ta kwana, da safe a ɗaga. In ta yi gumi a ciki, da saura. Muka ɗaga ana saura kwana tara wa'adi ya cika, ga gumi. Saura bakwai, ga gumi. Kullum Inna Dudu ke riga ni zuwa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ledar. Wata daga cikin matan ta gaya wa Salifu cewa ta fara gyara gammonta na ɗaukar ƙwarya, ko da za a rufe. Na so in shafa fentin haka nan in huta, na tuna facin da ya taso kamar dambu, na haƙura. Ana saura kwana biyar na ɗaga ledar na shafa da bayan hannu. A bushe ƙayau. Na miƙa wa Inna, ita ma ta shafa, ta ce to. Wannan to ɗin ba irin na ranar farko ba ne.

Muka haɗa fentin da maganinsa muka shafa da gudu kafin ya daskare, matan na binmu suna barbaɗa rairayin da suka tankaɗe da rariya don kada wurin ya yi santsi. Salifu ya taka inda bai kamata ba, silifas ɗinsa ɗaya na nan a lungu har gobe, na ce a bar shi ya zama sa hannun bawa.

Mai duba tsafta ya zo a kan babur, da jaka da takardu. Ya sa aka kawo bokitin ruwa ya sheƙa a tsakiyar ɗaki, ya tsaya yana kallo har ɗigon ƙarshe ya shige magudana. Ya fita ya bi ta har filin da zogalen Inna ya soma tsiro. Ya dawo ya yi rubutu, ya sha kindirmo kofi biyu, ya hau babur ɗinsa. Kwaɗon bai fito daga jaka ba.

Ranar tafiyata aka haɗa mini man shanu da cuku, Salifu ya fito da leburna, na sa babbar rigata da aka wanke har sau uku. Na roƙi tsumman ƙarshe da totuwarsa, aka ba ni, yana nan cikin jakata kusa da guduma. Amalanke na jira, matan sun taru, sai na ji tsohon halina ya motsa. Na ce daɓen nan zai yi shekara ɗari, jikokin jikokinsu za su taka shi, kuma su riƙa faɗa wa baƙi cewa Garba Kankare ne ya yi shi, mutumin da siminti ke yi wa magana a kunne.

Inna Dudu ta gyara mayafinta, ta tambayi Salifu ko da gaske ne siminti na yi mini magana. Ya ce ai haka nake faɗa.

Ta ce, “To shi ya sa. Kunnen ya cika, babu wurin mutane.”